Lamba da Gida a Rabon Kayan Kiɗa

A Matamaye, kamar sauran ƙasar Kance da Damagaram, in aka ga ganga ba a fara tambayar da me aka yi ta. Ana tambayar ta su wa ce. Kalangu na mahauta ne da ƴan dambe, gangar noma ta manoma ce a wurin gayya, dundufa ta maƙera. Tambari da kakaki da algaita na fada ne. Shantu da ƙwarya kuwa suna cikin gida hannun mata. Kowane abin kiɗa yana da gidansu, kuma da wannan gida ake rarrabe shi.

Turawa sun bi wata hanya. A 1914 wasu masana biyu, Hornbostel da Sachs, suka fitar da tsarin da gidajen tarihi ke aiki da shi har yau. Sun kasa kayan kiɗan duniya kashi huɗu bisa abin da ke fitar da sautin: 1 jikin abin da kansa, 2 fata, 3 tsirkiya, 4 iska. Kowace lamba da aka ƙara tana daɗa tsuke ma'ana. Gangar da ake bugawa mai siririn ƙugu, lambarta 211.24.

Masu ƙera na'urar haɗa sauti ta lantarki, wadda ake jona ɓangarorinta da waya ɗaya bayan ɗaya, su ma sun rungumi lamba, amma tasu aiki take faɗa. Robert Moog na Amurka ya sa wa nasa ɓangarori lambobin ɗari tara a shekarun 1960: 901 ke haifar da sauti, 902 ke ɗaga shi ko sauke shi, 904 ke tace shi, 911 ke tsara yadda zai tashi da yadda zai mutu, 960 ke jera shi bi da bi. Dieter Doepfer na Jamus ya fito da A-100 a tsakiyar shekarun 1990, ya ware wa kowane aiki gurbi goma: daga A-110 masu haifar da sauti, daga A-120 matata, daga A-130 masu ƙarfi da gauraye. Da gurbin matata ya cika, sai aka riƙa saukar da sababbi a A-102 da A-105 da A-108, ana kuma liƙa ƙaramar lamba a baya, kamar A-110-2. Duk da haka tsarin yana da amfani. Mai na'ura na duba lamba ya san inda zai soka wayarsa.

Ina yaba wannan tsabtar lissafi. Sai dai a ɗora ta a kan kalangu da kotso a gani. Dukansu masu siririn ƙugu ne, dukansu ana matsa tsirkiyarsu fata ta ja, murya ta canza. A lissafin 1914 ɗaki guda suke kwana, bambancinsu kawai kalangu fata biyu gare shi, kotso ɗaya. Amma kotso hannu ake sa masa, kalangu makaɗi, kuma tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin ƙofar fada da rumfar pawa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso suka yi wa sarakuna waƙa. Shata ya ɗauki kalangu, kayan kiɗan talakawa, ya shiga da shi gaban sarki da attajiri da direban mota. Wanda bai san gidan kalangu ba, ba zai gane girman abin da Shata, mutumin Musawa, ya yi ba. David Ames da Anthony King sun lura da haka, shi ya sa littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa ya haɗa kayan kiɗan da masu kaɗa su da lokutan da ake kaɗawa.

Abin da ke damuna yau shi ne fiyano. Lantarki ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na kiɗan lantarki a Yamai. Amma fiyanon da matasa ke haɗa waƙoƙin biki da na fim da shi, daga Kano har Damagaram, ya zo da jerinsa. Tsarin General MIDI na 1991 yana da sauti 128, gida 16, kowane gida takwas. Gida guda aka bar wa kayan gargajiyar duniya, daga 105 zuwa 112, inda akwai sitar na Indiya da koto na Japan da kalimba. Babu kalangu, babu goge, babu kakaki. Yaro mai son algaita sai ya danna 112, bututun Indiya mai suna shanai, ya lallaɓa da shi.

Yanzu masu situdiyo suna naɗar kayanmu na ainihi suna zubawa a kwamfuta, kuma wannan ci gaba ne. Tambayar ita ce da wane suna za a ajiye su. In aka tara kalangu da kotso da taushi a ƙarƙashin kalmar ganga, aka bi su da ɗaya, biyu, uku, mai haɗa kiɗa zai sa tambarin naɗin sarauta a waƙar talla bai san ya taɓa komai ba. Ni ina ganin sunan kowane sauti ya kamata ya ɗauki abu uku: sunan kayan, gidan da yake yi wa kiɗa, da taken da aka kaɗa. Makaɗan da za su iya faɗin wannan suna nan a garuruwan Kance da fadar Damagaram, kuma galibinsu sun manyanta.