Kyan Hoto Ba Kyan Gini Ba Ne

Jama'a, na duba kundin zane uku da matasa masu zanen gini suka kawo wa kwamitin masallacinmu. Biyu sun sha ado, gilashi ko'ina, amma ba alƙibla, ba wurin alwala, ba magudanar ruwa, alhali mun san ruwan Ibadan. In an ɗauke wuta, ta ina iska za ta shigo? Na ukun ba kwalliya, sai dai ya auna sahu, ya ware ƙofar mata, ya lissafa buhunan siminti. Shi na zaɓa. Da ƙasa Babban Gwani ya gina masallacin Zariya, har yau ana zuwa kallo. Kafin a taɓa kuɗin jama'a, kowannensu ya kai mu ginin da ya yi, mu gan shi da damina.