Gidan Zanen Barkwanci na Billy Ireland: Wurin Kallo Ne Ko Ɗakin Karatu?

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a dubi wani gidan tarihi da ke Jami'ar Jihar Ohayo, a birnin Kolombos na ƙasar Amurka. Aikin gidan shi ne tattara zanen barkwanci da labarai cikin zane, irin waɗanda ake bugawa a jaridu, ya adana su, ya kuma buɗe su ga masu nazari. Za mu ga yadda ya bunƙasa, sa'an nan mu auna ko bunƙasar ta dace da manufar.

Gidan ya samo asali ne a shekarar 1977, lokacin da Milton Caniff, tsohon ɗalibin jami'ar, wanda ya zana labarin Terry and the Pirates da na Steve Canyon, ya ba jami'ar zane-zanensa da takardunsa. Aka jibge su cikin azuzuwa biyu a ginin sashen aikin jarida, aka ɗora wa Lucy Shelton Caswell nauyin kula da su. A wancan zamani malamai da dama suna ɗaukar irin wannan zane a matsayin wasan yara. Amma Bahaushe ya ce, kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Babbar ƙaruwa ta zo a 1998. Tun shekarun 1960 ɗakunan karatu na Amurka suke ɗaukar hoton tsofaffin jaridu a kan ɗan siririn fim mara launi, su watsar da jaridun. Wani mutum a birnin San Faransisko, Bill Blackbeard, ya yi ta bi yana kwashe su, domin ya lura cewa shafukan zane na ranar Lahadi masu launi ne, fim ɗin kuwa ya kashe launin. Abin da ya tara ya kai tan 75, kuma sai da manyan motoci 6 suka ɗauko shi zuwa Ohayo. A 2008 kuma aka ƙaro zane-zane na asali wajen 200,000 daga gidan tarihin da mai zane Mort Walker ya kafa a 1974. A 2009 aka sa wa gidan sunan Billy Ireland, mai zanen jaridar Columbus Dispatch, wanda ya rasu a 1935, kuma shi ne ya ƙarfafa wa Caniff gwiwa yana matashi. A 2013 gidan ya koma ginin Sullivant, inda ya sami zaurukan nuni.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Shi labari cikin zane ba don bango aka yi shi ba. An yi shi ne don a karanta shi a jarida, yau kaɗan gobe kaɗan, ɗauke da launi, kewaye da labaran ranar. Zanen asali da ake ratayewa cikin gilashi galibi baƙin tawada ne kawai, ya fi wanda aka buga girma, kuma an cire shi daga cikin 'yan'uwansa. Lalle mai kallo zai ga gwanintar hannu, har ma da wuraren da mai zane ya goge ya gyara. Amma jigo da zubi da yadda tauraro yake canzawa cikin shekaru, waɗannan ba sa fitowa a shafi guda. Kamar a tsinko baiti ɗaya ne daga doguwar waƙa, a ce ga waƙar nan.

Har ila yau, nuni yakan karkata ga yabo. Caniff gwani ne, amma a cikin Terry and the Pirates ya zana wani Basine mai suna Connie da manyan haƙora da kunnuwa, yana gwamutsa Turanci don a yi dariya. Wanda zai gane irin kallon da Amurkawan shekarun 1930 suke yi wa mutanen Sin, sai ya zauna ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin ɗakin karatu ne.

Tarihin gidan Mort Walker ma ya isa shaida. Shi wurin kallo ne tsantsa, ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari, daga bisani ya rufe a jihar Fulorida a 2002 saboda rashin kuɗi. Kayansa sun tsira ne da suka shiga hannun jami'a, inda akwai ma'aikatan da za su jera su, su rubuta bayaninsu, da ɗaliban da za su nemi a ɗauko musu.

A taƙaice, zaurukan nuni sun yi amfani, domin su ne suke jawo baƙo ya san gidan yana nan. Sai dai darajar gidan Billy Ireland ta fi rataya ga guntayen jarida miliyan biyu da rabi da ke cikin rumbunsa, da kuma teburin da ɗalibi zai zauna ya karanta su. Muddin masu gidan suka ci gaba da fifita wannan ɓangare, to, bunƙasar ba ta kauce wa manufar 1977 ba.