3.2 Jigon Ilmin 'Ya Mace a Littafin Wa Zai Auri Jahila?

Babban jigon wannan littafi na Balaraba Ramat Yakubu (1990) shi ne illar hana 'ya mace ilmin zamani. Marubuciyar ta warware wannan jigo ne ta hanyar tauraruwar labarin, wato Abu, wadda aka raba da makaranta tana ƙarama. Saurayinta ya guje ta saboda rashin ilmi, sannan aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta.

Idan aka lura, za a ga cewa tun daga ranar da aka rufe wa Abu ƙofar aji ta rasa ikon kare jikinta da lafiyarta, domin an kai ta ɗakin miji tun ba ta isa ba. Bayan ta gudu birni ta koma karatu kuwa, sai ta zama ma'aikaciyar jinya mai riƙe kanta. Wato ke nan marubuciyar ta ɗaure ilmi da lafiya da rufin asirin gida wuri guda.

Sai dai kuma littafin bai rasa rauni ba. Na farko, Abu ta tsira ne saboda ta sami goggon da ta karɓe ta, alhali ba kowace yarinyar ƙauye ke da irin wannan gata ba. Na biyu, sunan littafin kansa ya sa ana auna darajar ilmin mace da samun miji. Duk da haka, saƙon ya isa ga iyaye.