Ganga Ba Makaɗi: Sharhi a kan Faifan "Catch Thirtythree" da Koyon Kiɗan Metal a Kwamfuta

Kiɗan da Turawa ke kira metal, watau kiɗan ƙarfe, reshe ne na kiɗan rok, amma ya fi shi nauyi da tsananin amo. Yawancin masana sun sa asalinsa a birnin Bamingham na Ingila, wajen ƙungiyar Black Sabbath, wadda faifanta na fari ya fito cikin shekarar 1970. Mutum huɗu ne suka shiga ɗakin ɗaukar murya, suka kaɗa tare, suka gama ɗaukar faifan cikin yini guda. Mai jitarsu kuwa, Tony Iommi, injin masana'anta ya taɓa yanke masa kan yatsu biyu. Sabo da haka ya koma amfani da tsirkiya marasa kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu, har muryar jitar ta yi ƙasa, kamar yadda a ke ji a faifansu na 1971. Ashe ke nan nauyin kiɗan nan daga jikin mutum ya tsiro.

Yau kuwa saurayi ɗaya cikin ɗakinsa yana iya shirya waƙa sukutum, ba ganga ba abokin kiɗa. Manhajar kwamfuta ta kan shimfiɗa masa lokaci gida-gida sai ka ce gurabun dara, shi kuwa ya riƙa sa bugu inda ya ga dama. Bisa ga ƙa'idar MIDI, wadda aka kafa a 1983, kowane bugu yana da lambar ƙarfinsa, mafi girma ita ce 127. Tambayar da ta kamata malamai su yi ita ce: wanda ya koya ta wannan hanya, me ya samu, me kuma ya kuɓuce masa?

Babu faifan da ya fi dacewa a auna wannan magana da shi kamar "Catch Thirtythree", na ƙungiyar Meshuggah ta garin Umea a ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2005. Kiɗa ɗaya ne dogo na wajen minti 47, aka yanka shi kashi 13. Ba a buga ganga da hannu a cikinsa ba. An yi amfani da Drumkit From Hell na kamfanin Toontrack, watau taskar amon ganguna da aka ɗauka bugu ɗai-ɗai, sa'an nan 'yan ƙungiyar suka jera su a kwamfuta. Abin lura shi ne, amon da ke cikin taskar daga hannun makaɗinsu ne, Tomas Haake.

Gwanintar Meshuggah a lissafin kari ta ke. Farantin tagulla ya kan riƙe bugu huɗu-huɗu ba sauyi, alhali jita da gangar ƙafa suna maimaita wani salo wanda tsawonsa bai yi daidai da huɗun ba. Misali, in salo mai tsawon bugu biyar ya tashi tare da mai huɗu, ba za su sāke haɗa kai ba sai bayan bugu 20. Sau da yawa kuma sai a datse salon a ƙarshen zango, kowa ya komo mafari. Wanda ya san awon ƙafafun waƙa zai gane daɗin abin: kunne yana riƙe da ma'auni ɗaya, wani yana ta zame masa.

A nan kwamfuta ta yi rana. Abin da kunnen ɗalibi zai daɗe bai kama ba, idonsa yana ganinsa a jere, ya ga inda salo ya tashi da inda aka datse shi. Yana iya rage saurin kiɗan, ya matsar da bugu ɗaya, ya saurara nan take. A cikin faifan kansa ma, rashin gajiyar na'ura ya dace da nufin masu shi, gama kiɗa ne na ƙunci da maimaici, wanda ke juyi kamar dutsen niƙa, ba ya ba mai sauraro wurin hutu.

Duk da haka faifan yana da tawaya. Makaɗi na jini da tsoka, in ya doshi ƙololuwar waƙa, ya kan ɗan riga lokaci ko ya ɗan jinkirta, hannunsa ya ƙara nauyi, mai sauraro ya ji ana fama. A dogayen sassan faifan nan kuwa bugun ba ya nuna wahala, sai mamakin lissafi ya rinjayi motsin zuciya. Ƙungiyar ma ba ta zauna a nan ba. A faifan "obZen" na 2008 Haake ya koma kan gangunansa, ya kuwa share watanni yana horon ƙafafunsa domin waƙa ɗaya tak, "Bleed". A 2016 kuma suka ɗauki "The Violent Sleep of Reason" suna kaɗawa gaba ɗaya, kamar yadda magabata suka yi.

To, in gwanaye sun gamu da wannan iyaka, ina ga ɗan koyo? Kurakuransa sanannu ne. Ya kan kai kowane bugu 127, yana zaton ƙarfi shi ne nauyi, alhali kuwa bugu mai ƙarfi ba ya fita sai kusa da mai taushi. Ya kan rubuta bugu biyar a lokaci ɗaya, ya manta makaɗi hannu biyu da ƙafa biyu gare shi. Ya kan kuma kwafe zango ɗaya ya liƙa sau takwas, waƙa ta tsaya cik tana ruri. Abin da ya tsare Meshuggah daga irin waɗannan shi ne, tun 1987 ƙungiyar ke kiɗa, kuma akwai makaɗin ganga a cikin masu jera bugun. Sun ba na'ura abin da hannunsu ya riga ya sani.

Sabo da haka malamin da ke horar da ɗalibai ta wannan hanya kada ya hana su kwamfuta, gama allo ce mai kyau ga koyon tsari da lissafi. Sai dai ya wajaba ya sa ɗalibi ya tafa kowane salo da hannu, ya taka shi da ƙafa, kafin ya rubuta shi. Ya saurari tsofaffin faya-fayai yana neman inda makaɗi ya sassauta. Ya kuma nemi abokan da zai kaɗa tare da su, ko da sau ɗaya a mako. Kallon kitse ba ya ƙosar da mai yunwa. Darajar "Catch Thirtythree" ta tabbata, amma darasinsa ga mai koyo shi ne, hannu ya fara sani, sa'an nan a miƙa wa na'ura.