Tabarau mai gilasai biyar: wanne ne ke kare ido, wanne ne ado?

Idan kana bin hanyar Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, ba mamaki ka taɓa cin karo da shi a allon masu tallar tabarau. Firam ɗaya ne, da gilasai biyar da ake cirewa a sauya: baƙi, rawaya, fari garau, shuɗi, da mai walƙiya kamar madubi. Manyan kamfanoni kamar Oakley ma har gilashin canji suke sayarwa daban. Wanda ke zuwa mana dai kwaikwayo ne mai araha, masu babur da keke ke saye saboda ƙurar hunturu. Na sayi guda na yi 'yan makonni da shi. Dabarar tana da kyau, amma alƙawuran da ke jikin kwalin sun fi ƙarfin kayan.

Mu fara da baƙin, tunda shi kowa ke fara ɗauka. Yawancinmu gani muke iya duhun gilashi, iya kariyarsa. Ba haka ba ne. Abin da ke cutar da ido a hasken rana shi ne UV, wanda ido ba ya ganinsa, tsawon zangonsa bai kai nanomita 400 ba. Daɗewa a cikinsa na da hannu a yanar ido, da kuma naman nan da ke tsirowa daga gefen farin ido yana nufar tsakiya, wanda ƙura da iska ke ƙara wa ƙarfi. Zariya kuwa digiri 11 kacal take arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana ba ta yi mana da wasa. Launi daban, tare UV daban. Idan gilashi ya yi duhu amma bai tare UV ba, ɗigon baƙin da ke tsakiyar idonka zai ƙara buɗewa don neman haske, sai UV ya samu ƙofa mai faɗi. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Za ka ce ai an manna UV400 a jiki. Haka ne, ma'anarsa gilashin na tare haske har zuwa nanomita 400. To amma sitika ce, kowa na iya bugawa. A yi adalci: robar folikabonet, wadda ake yin gilashin wasanni na ƙwarai da ita, tana tare kusan duk UV ko da fara ce tas, kuma ba ta saurin fashewa. Saboda haka araha ba ta nufin jabu. Matsalar ita ce kai mai saye ba ka da hanyar sanin da wace roba aka yi naka, shi ma mai tallar bai sani ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne rawayan, da ake tallarsa da sunan gilashin tuƙin dare. A 2019 masu bincike a Harvard sun gwada irinsa a kan mutum 22 cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, aka buga sakamakon a mujallar JAMA Ophthalmology. Bai taimaka musu su hango mai tafiya a ƙasa da wuri ba. Dalilin a fili yake: gilashi mai launi rage haske yake yi, ba ya ƙarawa. Rawaya na datse wani ɓangare na shuɗin haske, sai ka ji kamar hanya ta washe. A lungunan birni bayan isha'i, inda yaro zai iya fitowa daga zaure a guje, jin cewa kana gani alhali ba ka gani haɗari ne.

Haka wanda ya yi duhu da yawa. Ƙa'idar ISO 12312-1 ta kasa gilashin rana daga 0 zuwa 4. Rukuni na 3 na barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya wuce, ya dace da tsakar rana. Na 4 kashi 3 zuwa 8 ne, kuma ba a yarda a yi tuƙi da shi ba. A kwalin da na saya babu lambar rukuni ko ɗaya.

Akwai abu biyu da za ka iya gwadawa da kanka. Idan an rubuta "polarized", wato yana kashe ƙyallin kwalta da na ruwa, ɗora shi a gaban allon kwamfuta ka juya a hankali. Na gaske zai yi duhu a wani gefen. A nawa, baƙin kaɗai ya yi hakan. Na biyu, samu tocilan duba jabun kuɗi, ka haska takardar naira ta cikin gilashin. Idan alamomin ɓoye sun haska yadda suke yi ba gilashi, UV na wucewa. Gwajin gida ne, bai kai na na'urar da ake samu a wasu shagunan tabarau na likita ba, amma ya fi dogaro da sitika.

Wanne ya ci kuɗinsa ke nan? Farin nan da kowa ke barinsa a jaka. Shi ke tare ƙura, tsakuwa da ƙwarin damina ba tare da ya rage maka gani ba, dare ko rana. Baƙin kuma na rana ne, idan ya tsallake gwaji. Shuɗin da mai walƙiya ado ne. Duk wanda ya karce kuwa ka cire shi, domin karce na watsa fitilar motar da ke tahowa ya kashe maka ido. Amfanin gilashin canji ke nan. Gobe idan ka tsaya gaban allon mai talla, kafin ka tambayi kuɗi, tambaye shi ko akwai fari.