Bayan ƙwallo, me kuma? Sharhi ga wanda ya sayi na'urar wasa

Daga Hunkuyi zuwa Tashar Yari, daga Makarfi zuwa Paki da cikin garin Ikara, in ka leƙa gidan gem za ka tarar wasa ɗaya ne a kan talabijin: ƙwallo. Shi ya sa duk wanda ya tara kuɗin rake ko na tumatir ya sayo PlayStation a Zariya ko Kano, faifan ƙwallo yake fara nema, kuma sau da yawa a nan yake tsayawa. Kuɗin da aka zuba ya fi ƙarfin wasa ɗaya, don haka ya kamata a auna abin da ke kasuwa.

Mu fara da ƙwallon. Kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA bayan FIFA 23, ya koma kiran wasansa EA Sports FC daga 2023. FC 25 ya zo da Rush, wasan mutum biyar-biyar a ƙaramin fili, mai sauri da daɗi in ana zaune da abokai. FC 26, wanda ya fito a Satumban 2025, ya raba salon wasa gida biyu: mai sauri don gasar intanet, da mai natsuwa da ya fi kama da ƙwallon gaske. Gyara ne mai kyau, amma bai kai a sayi sabon faifai duk shekara ba. Ga mai buga wasa da ƙaninsa a zaure, bambancin na bana da na bara bai wuce sabuwar riga da sauyin ƙungiyar 'yan wasa ba. Faifan bara na hannu ya wadatar.

Inda kamfanin ya fi zuba ƙarfinsa shi ne Ultimate Team, kuma nan ne nake da ja. Sai da intanet ake yinsa, kuma ana iya sa kuɗin gaske a sayi ƙunshin 'yan wasa ba tare da sanin wanda zai fito a ciki ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca a 2018, har EA ya daina sayar da makin wasan a ƙasar a farkon 2019. Uban da ya sa katin bankinsa a na'urar da yara ke taɓawa ya san da wannan. Sannan akwai giɓin da ya shafe mu: za ka sami Osimhen da Lookman, za ka iya sa sharhi da Larabci, amma babu gasar Najeriya, babu Kano Pillars, balle mai sharhi da Hausa.

Wasan da na fi so mai karatu ya gwada bayan ƙwallo shi ne Assassin's Creed Mirage na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a Oktoban 2023, kuma yana aiki a PS4 da PS5. Labarin ya fara a 861, shekarar da aka kashe halifa Mutawakkil, kuma Bagadaza ce fagensa. Kai ne Basim, ɓarawon kasuwa da ya shiga wata ƙungiyar asiri. Ƙarfin wasan yana ga birnin: zagayayyen birnin da halifa Mansur ya kafa a 762, da Baitul Hikma, da kasuwanni, da kiran salla da ke tashi kana tafe a kan soraye. Ana iya mayar da muryoyin duka zuwa Larabci, akwai kuma gajerun bayanai na tarihi da ake tattarawa a wurare. Wanda ya karanta tarihin Abbasiyawa a Islamiyya zai ga an gina masa abin da ya sani a takarda.

Rauninsa shi ne marubutan ba su ba birnin labarin da ya dace da shi ba. Aikin Basim kusan iri ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe: bincika, laɓaɓa, kashe, gudu. Miyagun labarin ba sa daɗewa a zuciya, ƙarshen kuma ya jingina da wata tatsuniyar da sai wanda ya buga wasannin baya zai gane ta. Akwai zubar da jini, kuma lambar 18 ce a jikin kwalinsa. Na manya ne.

Tales of Kenzera: ZAU, na Afirilun 2024, ƙarami ne amma ya fi shi zuciya. Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai tushe a Kenya, shi ya kafa kamfanin da ya yi shi, kuma rasuwar mahaifinsa ce ta haifi labarin. Wani yaro, Zuberi, yana karanta littafin da marigayi babansa ya rubuta. A cikin littafin, matashi Zau ya ƙulla yarjejeniya da Kalunga, mai riƙe da mutuwa a tatsuniyar, cewa zai kamo manyan ruhohi uku a dawo masa da uba. Duk ruhin da ya tunkara wata fuska ce ta ƙin sakin abin da ya riga ya tafi. Tatsuniya ce daga al'adun Bantu, kuma a matsayin tatsuniya za a ɗauke ta, kamar yadda muke ɗaukar Gizo da Dodo. Faɗan cikinsa yana maimaita kansa, abokan gaba ba su da yawan iri. Duk da haka ana iya sauraronsa da Suwahili, kuma tambayar da ya bari tana da nauyi: me ya hana labaran Bayajida ko Sarauniya Amina samun irin wannan gata? Babu shi a PS4.

Ga gidan da ke da 'yan'uwa, Split Fiction na 2025 ba ya buguwa sai da mutum biyu, kuma ana iya yinsa a talabijin ɗaya. Marubuta biyu ne, Mio da Zoe, suka maƙale cikin labaransu bayan wani kamfani ya yi yunƙurin kwashe musu basira da na'ura. Maganganunsu ba su da zurfi, amma duk marubucin da aka taɓa kwafe masa littafi a watsa a WhatsApp zai gane zafin. Ga ƙananan yara, Astro Bot, wanda ya ci kyautar wasan shekara a 2024, ba shi da jini kuma ba ya bukatar Turanci mai yawa. Waɗannan biyun ma babu su a PS4. GTA V kuwa, da yara ke rububinsa, lambar 18 gare shi saboda kisa da batsa.

Saura maganar wuta da data, don su ne ke yanke hukunci a garuruwanmu. PS5 tana jan kusan wat 200 in ana wasa, ban da talabijin, don haka mai ƙaramar sola ya yi lissafi tukuna. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye wasa na iya lalata abin da aka ajiye, shi ya sa inbata ko batirin tsaro ya fi faifai na uku amfani. A sayi na'ura mai ramin faifai: wadda ba ta da shi komai sai an sauke ta intanet, wasu manyan wasannin kuma sun haura gigabait 100. Faifai ana aronsa, ana musayarsa, ana sayar da shi in an gama. In ta hannu ce, a kunna ta a shagon, a yi wasa na rabin awa a ji ƙarar fankarta, a gwada fad ɗin ko ɗan wasa yana tafiya da kansa ba a taɓa shi ba.

Mai PS4 ya haɗa faifan ƙwallon bara da Mirage. Mai PS5 ya ƙara ZAU, in akwai yara ya sa Astro Bot a gaba.