Jinjina ga Masu Gyaran Rediyo na Milezi

A Milezi, unguwar da ke yammacin Njamaina kusa da Farsha da kogin Shari, akwai mutanen da ba kasafai ake yaba musu ba: masu gyaran rediyo da lasifika. Jarinsu ɗan tebur ne, da ƙarfen narka dalma, da tarin matattun rediyoyi da suke ciro kayan gyara daga cikinsu.

Gwaninsu shi ne wanda zai haɗa maka amfilifaya da za ta shige aljihu. A ƙarshen shekarun 1990 wani mai suna Chu Moy ya yaɗa irin wannan ƙira a Amurka, har ta shahara da sunan CMoy, ana cusa ta a gwangwanin minti. Amma mai gyara bai rasa hanya mai araha ba: ɗan guntun LM386 mai ƙafa 8, da batir mai bolt 9, da maɓallin ƙara murya. Guntun kan ninka siginar sauti sau 20; in aka haɗa kafasita tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, sai ya kai 200. Daga nan sai natsuwa, domin in dalma ta yi yawa ƙafafu su haɗe, in zafi ya yi yawa guntun ya ƙone.

A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, na'urar da batir ke riƙewa ba abin rainawa ba ce. Abin da wani ya yar, su suke mayar da shi abin moro. Sannunku da aiki, malamai. Allah ya yi wa sana'a albarka.